Shin wanda aka tsayar da zuciyarsa a ɗakin tiyata ya mutu ne?

Tun da aka dawo da 'yar maƙwabcina daga asibiti da dogon ɗinki a tsakiyar ƙirji, maganar ta ƙi ƙarewa a ƙauyenmu da ke yankin Kura. A majalisar ƙofar masallaci wani ya ce an ciro zuciyar ne an ɗora a faranti, aka gyara aka mayar. Wani ya ce sai da yarinyar ta mutu na awa guda sannan inji ya dawo da ita, don haka shi ko kyauta za a yi wa ɗansa ba zai sa hannu ba. Kakarta kuwa tun kafin a tafi ta tare ni a zaure, ta ce, "Malam, kai da ka yi boko, faɗa mini tsakaninka da Allah. Zuciyar mutum ta tsaya, kuma a ce yana da rai?"

Ni na raka su, ni na karanta wa mahaifinta takardar amincewa kafin ya dangwala. Abin da ya dame ni shi ne na san akwai gidajen da likita ya ce sai an yi wa yaro aiki, iyaye suka ji an ce za a tsayar da zuciya, suka naɗe takardar suka koma gida. Gaskiya ne ana tsayar da ita. Amma ba a ciro ta daga ƙirji, sai a dashen zuciya, wanda wani aiki ne daban. Kuma mutum bai mutu ba, domin jininsa bai daina zagayawa ba.

Me ya sa dole sai an tsayar da ita?

Zuciya injin tura jini ce mai ɗakuna huɗu da bawul huɗu, wato ƙofofin da suke hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama aiki a jiki ya aika shi huhu ya sha iska, ɓangaren hagu ya karɓo shi daga huhu ya watsa wa jiki. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma ko yana kwance yana hutawa, kusan duka wannan jinin zuciya take juyawa a minti ɗaya. A yini guda tana bugawa wajen sau 100,000.

Abin da ke kashe mutum idan zuciya ta tsaya shi ne yankewar jini daga ƙwaƙwalwa. Minti 4 zuwa 5 kawai take jurewa kafin ta fara lalacewa. Shi kuma likitan da zai ɗinke rami a cikin zuciya ko ya sauya bawul yana buƙatar awa ɗaya ko fiye, a wuri mai tsit, wanda jini bai rufe masa ido ba.

Duk mai noman rani a Kadawa ya san ba a gyara kanal ruwa na gudu. Sai a datse sama da ƙasa, wurin ya tsane, a yi aiki. Idan kuma tumatir ba zai jure ƙishi ba, sai a kawo inji da mesa a ɗebi ruwan daga sama a tsallake wurin gyaran a zuba a ƙasa. Aikin na'urar zuciya da huhu ke nan. Ita ce mesar da take tsallake da jini, ta bar zuciya da huhu a gefe, jiki yana ci gaba da sha.

Hanyar da jinin yake bi

Bayan an sa mara lafiya barci mai nauyi, likita yana raba ƙashin ƙirji biyu da ƙaramin zarto. Kafin a taɓa na'urar sai an yi maganin daskarewar jini. Wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan layya ya ga yadda jini yake zama gudaji cikin 'yan mintuna. Haka zai yi a cikin roba in ba a hana shi ba. Saboda haka ake yi wa mara lafiya allurar wani magani da ake kira hefarin, da yawa, sannan a ɗebi jinin a gwada. Jinin lafiyayye a wannan gwajin yana daskarewa cikin kamar minti biyu. Ba za a kunna na'ura ba sai an ga ya kai minti bakwai zuwa takwas bai daskare ba, kuma ana ta maimaita gwajin har a gama aiki.

Daga nan sai a sa tiyo mai kauri a ɗakin dama na zuciya, ko a manyan jijiyoyi biyu da suke kawo mata jini. Jinin yana gangarowa da kansa zuwa wani mazubi da aka ajiye ƙasa da gadon tiyata. Daga mazubin sai famfo. Wanda aka fi sani yana da taya biyu masu juyawa, suna matse tiyon suna tura abin da ke ciki gaba, kamar yadda mai tatsar saniya take bin hantsa da yatsu. Ƙarfen bai taɓa jinin ba, robar kawai yake dannawa. Babban mutum ana tura masa lita 4 zuwa 5 a minti, gwargwadon girman jikinsa.

Sai huhun roba. Mai kula da na'urar ya nuna mana wani da wa'adinsa ya wuce, mahaifin yarinyar ya riƙe shi a hannu yana jujjuyawa. Girmansa bai wuce babban gwangwanin madara ba. A ciki akwai dubban zaruruwa sirara kamar gashi, kowanne da rami a tsakiya. Iskar oksijin tana bi ta cikin zaren, jini yana bi ta waje, sai su yi musaya ta jikin zaren: jini ya karɓi oksijin, ya saki gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Jinin yana shiga da duhu, yana fita ja wur. Mahaifin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yanzu wannan ne zai yi mata numfashi?" Aka ce masa eh, na ɗan lokaci, domin ana kashe injin hura huhu ma a wannan tsakanin.

A jikin huhun robar akwai wani sashe mai aiki irin na lagireton mota, wanda ruwan sanyi ko na ɗumi yake ratsawa don a sauke zafin jini ko a ɗaga shi. Zafin jikinmu digiri 37 ne. Ana yawan saukar da shi zuwa 32 ko 34, wani lokaci 28, saboda jiki mai sanyi ba ya cin oksijin da yawa. Daga nan jinin ya bi ta matata mai kama ƙananan gudaji da kumfa, ya koma jiki ta tiyon da aka sa a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya.

Kumfa ita ce babbar abokiyar gaba a nan. Manomi ya san in bai ɗura wa injin ban ruwa ruwa ya kori iska ba, ba zai ja ba. Ita ma na'urar sai an cika ta da ruwa irin na ƙarin ruwa, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, an bubbuga kowane lungu an kori iska, domin kumfar da ta shige ƙwaƙwalwa tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan ruwan yana tsinka jinin mara lafiya. Ga babba ba komai. Amma jariri sabon haihuwa, jininsa gaba ɗaya kusan rabin ledar fiya-wata ne, shi ya sa nasu ake cika na'urar da jinin da aka bayar.

Akwai mutum guda da ba ruwansa da wuƙa, aikinsa kawai zama gaban na'urar, idonsa a kan mazubi da agogunan awo. Idan mazubin ya ƙafe na 'yan daƙiƙu, famfo zai tura iska. Wannan ma'aikaci sai an horar da shi shekaru, kuma ƙarancin irinsa yana cikin abin da ke hana asibitocinmu yin aikin a kai a kai. Tambayar da kowa yake yi kuwa, in aka ɗauke wuta fa? Na'urar tana da batirinta, asibitin yana da janareta, sannan akwai marfin hannu da ake maƙalawa a famfon a juya shi da ƙarfin damtse in komai ya ƙi.

Yadda ake kwantar da ita, da yadda take tashi

Na'ura ta karɓi aiki, amma zuciyar tana nan tana motsi, ba komai a cikinta. Sai likita ya sa wani awartaki ya matse babbar jijiya a tsakanin zuciya da inda tiyon dawowa ya shiga, don kada jini ya komo mata. Sannan a ɗura wa jijiyoyin da suke ciyar da ita wani ruwa mai sanyi, wajen digiri 4, mai yawan sinadarin fotasiyam. Manoma sun san shi ko ba su san sunan ba: shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK. Yawansa yana hana wutar da ke sa tsokar zuciya bugawa tashi, sai ta saki jiki ta kwanta. Zuciyar da aka kwantar haka tana rage cin oksijin da kusan kashi 90 cikin 100. Wani irin ruwan ana ƙara shi duk bayan kamar minti 20, wani yana kai awa guda ko fiye.

Da an gama ɗinki sai a fara ɗumama jinin, a kori iskar da ta shiga ɗakunan zuciya, a cire awartakin. Jini mai ɗumi ya shiga ya wanke fotasiyam ɗin. Sau da yawa zuciya da kanta take fara motsi, a hankali, har ta kama bugunta. Idan ta tashi tana karkarwa ba tsari, sai a ɗan ja mata wuta da wasu ƙarafa masu kama da cokali. Ba a kashe na'urar farat ɗaya, ana rage ta ne kaɗan kaɗan ana kallon ko zuciyar ta ɗauki kayanta. Daga nan a ba da furotamin, maganin da ke warware aikin hefarin, a cire tiyo, a ɗaure ƙashin ƙirji da wayar ƙarfe da za ta zauna a jiki har abada.

Akwai aiki ɗaya da ya yi kusa da abin da ake faɗa a majalisa. In za a gyara lanƙwasar babbar jijiya, inda jijiyoyin kai suke rabuwa, ana sanyaya mutum zuwa digiri 18 ko 20, a tsayar da na'urar ita ma na kamar rabin awa. Sanyin ne yake kare ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake yin sa ba, kuma ba shi ake yi wa masu ciwon bawul ba.

Ba jiya aka fara ba

Wani likitan Amurka, John Gibbon, ya kwana yana gadin wata mara lafiya a Boston wajen 1930, gudan jini ya toshe mata hanyar huhu, ta rasu yana kallo. Daga nan ya shafe kusan shekara 20, shi da matarsa Mary, suna gwaji a kan dabbobi. Ranar 6 ga Mayu, 1953, a Filadelfiya, ya rufe rami a zuciyar wata budurwa mai shekara 18, na'urar ta riƙe ta minti 26, ta tashi ta rayu. Marasa lafiya biyu da suka biyo baya sun rasu, shi kuma ya daina wannan aikin, wasu suka ɗora.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Walton Lillehei a Minesota. A 1954 da 1955, kafin na'urar ta zama abin dogaro, yakan kwantar da uba ko uwa kusa da yaro, ya haɗa jijiyoyinsu da tiyo, zuciya da huhun mahaifi su riƙe su biyun har a gama. Marasa lafiya 45 ya yi wa haka.

A Najeriya an fara buɗe zuciya ranar 1 ga Fabrairu, 1974, a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar da ke aiki a Ingila. Tun daga lokacin aikin yana tafiya yana tsayawa, sau da yawa sai ayarin likitoci sun zo daga waje. Masu hali suna tafiya Indiya ko Masar. Cibiyar Salam da wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe kusa da Khartum a 2007 tana yin aikin kyauta, amma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Tsadar kuma da dalilinta: huhun roba da tiyo da matata duk sau ɗaya ake amfani da su a yar, kuma da dala ake shigo da su.

Wani ruɗanin kuma daga kalmar baifas yake. Likita yakan kira wannan na'ura baifas, yakan kuma kira aikin da ake yi wa dattawa masu toshewar jijiyar zuciya baifas, inda ake ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya, kamar titin da ya kewaye birnin Kano. Na farko na awa ɗaya ko biyu ne, na biyu gyara ne mai zama a jiki.

Haɗarin da bai kamata a ɓoye ba

Masu tsoro ba su rasa hujja ba. Jini ba ya son roba. Da ya taɓa ta sai jiki ya ɗauka baƙo ya shigo, garkuwarsa ta harzuƙa, wannan kan taɓa huhu da ƙoda. Wasu suna zubar da jini bayan aiki har a mayar da su ɗakin tiyata. Wasu ƙodarsu takan yi rauni na kwanaki, kaɗan daga ciki har sai an yi musu wankin ƙoda. Akwai shanyewar ɓarin jiki, akwai ruɗewa da mantuwa, musamman ga tsofaffi, wanda galibi yake washewa. Akwai kuma waɗanda ba sa tashi. Duk daɗewar mutum a kan na'urar, haɗarin yana ƙaruwa.

Amma abin da ya fi ƙara haɗarin shi ne zuwa a makare. Yaron da aka kai tun zuciyarsa tana da ƙarfi daban yake da wanda aka kai ciki da ƙafa sun kumbura, hanta ta cika, ba ya iya barci sai a zaune. Na'ura tana iya riƙe kowa a lokacin aiki. Abin da ba ta iyawa shi ne ba wa gajiyayyar zuciya ƙarfin da za ta karɓi aikin bayan an kashe ta. A ganina wanda ya koma gida don tsoron na'ura ya zaɓi hanyar da ta fi haɗari, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Kuma ba kowane ciwon zuciya ne yake buƙatar ta ba. Wasu ramukan ana toshe su ta siririn bututu da ake turawa daga cinya. Bawul ɗin da ya tsuke wani lokaci ana buɗe shi da balan-balan ta wannan hanya. Kumburin zuciyar da ke kama masu jego, wanda likitocin Zariya da Kano suka daɗe suna gani da yawa, da magani ake bin sa.

Akwai maganar da ake yi ƙasa ƙasa, gara a fito da ita. Mafi yawan hefarin da ake amfani da shi a duniya daga hanjin alade ake tace shi, kodayake akwai na shanu. Bawul na nama ma akwai na alade, akwai na saniya, sannan ga na ƙarfe da ba dabba a cikinsa. Malamai da dama sun halatta irin wannan magani a bisa larura idan babu madadinsa. Mahaifin yarinyar ya tambayi malaminsa kafin tafiya, ya samu natsuwa. Wannan ya fi a ɓoye wa mutum ya ji daga baya.

Daga maƙogwaro abin ya faro

Yarinyar nan ba da ciwon aka haife ta ba. Tana 'yar shekara takwas ta yi ta fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, aka ce belu ne, aka kai ta wurin wanzami. Bayan makonni gwiwa da idon sawu suka kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan, aka ce sanyi ne. Shekara shida bayan nan ba ta iya ɗauko ruwa daga rijiya sai ta tsaya tana haki.

Wata ƙwayar cuta ce take kama maƙogwaro, musamman na yara 'yan shekara 5 zuwa 15 da suke kwana a cunkushe. In ba a kashe ta da fenisilin ba, garkuwar jikin wasu yaran takan rikice ta far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Wasu har jikinsu yakan riƙa fizga ba da sonsu ba, a ce iska ce. Duk dawowar zazzaɓin yana ƙara cin bawul ɗin. Wannan ciwo yana kashe sama da mutum 300,000 a duniya duk shekara, galibi a ƙasashe irin namu, har Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Yaron da ya taɓa yin wannan zazzaɓi, allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, na tsawon shekaru, ita ce take tare masa hanyar ɗakin tiyata. Kuɗin allurar shekara goma bai kama ƙafar kuɗin aiki ɗaya ba. Wannan ne yake ci mini rai duk lokacin da na tuna daren da muka kwana a barandar asibiti.

Abin da ke jiran iyali kafin aiki da bayansa

Kafin aiki za a nemi jini leda da yawa, kuma dangi ne za su bayar. Mu sai da muka cika mota da samari daga ƙauye. Za a duba haƙora, domin ruɓaɓɓen haƙori yana iya aika ƙwayar cuta ta zauna a sabon bawul. Bayan aiki akwai kwana ɗaya ko fiye a ɗakin kulawa ta musamman, sannan makonni shida zuwa takwas ba ɗaukar kaya ba daka, har ƙashin ya haɗe.

Idan ana iya gyara bawul ɗin mutum na asali, shi ya fi. In sai an sauya, kowane zaɓi da nauyinsa. Na nama ba sai mai shi ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa ba, amma yana tsufa cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin yara ma ya fi saurin lalacewa, ke nan sai an sake buɗe ƙirji. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha ƙwayar tsinka jini mai suna wafarin kullum har ƙarshen rayuwa, yana gwajin jini da ake kira INR a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan, gudan jini ya kama bawul ɗin. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ganye irin su zogale da alayyafo suna rage masa ƙarfi, don haka ba a so a ƙaurace musu wata guda sannan a cika ciki da su rana ɗaya. Ba ƙaho, ba tsaga, ba jiƙe-jiƙe, ba sayen maganin ciwon jiki a kemis ba tare da an faɗi abin da ake sha ba. Ga 'ya mace akwai ƙarin magana: wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, saboda haka tun kafin aure ya kamata mijin da danginsa su sani, kuma kada a ɗauki ciki sai an zauna da likitan zuciya an tsara.

Na ƙarfe aka sa wa 'yar maƙwabcina. In dare ya yi tsit ana jin sa yana ƙas ƙas kamar agogon hannu, kuma kakarta har yanzu takan kara kunne a ƙirjinta kafin ta kwanta. Ta koma makaranta, tana zuwa rijiya da ƙaramin bokiti. Allurar fenisilin ana yi mata a asibitin garinmu, amma gwajin jinin sai an shiga Kano. Mahaifinta ya rubuta ranakun da gawayi a bangon zaure, kuma ya ware buhu biyu na shinkafar bana don kuɗin mota da na gwaji.